Shugaban Kashe Wuta da Aikin Hankali

Jawabin Magatakardan Kotu a taron tunawa da ma'aikatan En'e, Birnin Gwari

 

Sa'ad da aka aiko mini cewa ni zan yi magana a kan shugabannin kashe wuta, sai na tambayi manzon ko dai ya ɓata ƙofa ne. Ni ban taɓa riƙe mesar 'yan kwana-kwana ba, ban kuwa taɓa kwana a daji ina gadi ba. Abin da na sani alƙalami ne da littafin shari'a. Ya ce babu kuskure, ni aka ce. Da na kwana da maganar sai na ga ashe ina da rabona a ciki, gama kowace wuta da ta ci dukiyar mutane, ƙarshenta a gaban teburina ta ke tsayawa. Masu kashe ta su ke ganin farkonta, ni kuwa sai toka ta huce sa'an nan a zo mini da ita, wannan yana kuka, wancan yana rantsuwa. To, abin da na tsinta a wurin nan shi zan faɗa, in na yi kuskure manya su gyara.

Mu fara da waɗanda muka taru dominsu. A shekarar 1936 aka keɓe dajin nan namu ya zama gandun daji na En'e ta Birnin Gwari. Waɗanda aka ba amanarsa ba su da mota, ba su da waya, ba su da famfo. Malamin Daji da masu gadinsa a ƙasa su ke tafiya, ko bisa keke, da adda da fartanya da ɗanyen ganye. Su ke share iyakar gandu kowace shekara, su ke toyi a kan kari, su ke bin mafarauta da masu ɗiban zuma da gargaɗi. A 1976 aka yi gyaran mulki, En'e ta tafi, ƙananan hukumomi suka gaje ta. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da dajin Kamuku gandun ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120, ga kuma dajin Kuyambana na Zamfara a maƙwabtaka da shi. Suna ya sake, masu iko sun sake, amma gamba da ƙyasuwa ba su san an sake kome ba. Kowace damina su fito su wuce tsawon mutum, kowane hunturu su bushe su zauna jiran ashana.

Har wa yau akwai wani abu da ya same mu wanda bai sami dattawan nan ba. Shekarun da dajin ya zama maɓoyar 'yan fashi sun raba samarinmu da shi. Yaron da a da zai tashi ya san kowane kwazazzabo da kowane rafi don bin ubansa, yanzu ya girma bai taɓa taka su ba. Shi ne kuwa gobe za a ce ya ja mutane su tari wuta. Saboda haka maganar koya wa shugabanni tunani ta fi ƙarfi a kanmu yau bisa ga yadda ta ke a da.

Bari in ba ku labarin wata ƙara da na rubuta da hannuna. Ba zan faɗi ƙauyen ba, ba zan faɗi mutanen ba, gama an riga an sasanta, sun kuwa ci gaba da aurayya.

Wata rana cikin watan Fabrairu, bayan azahar, aka hango hayaƙi a ƙetaren wani rafi. Mai unguwa ya sa aka yi yekuwa, maza suka taru. Suna cikin shawara sai magana ta tashi a bayan taro cewa wuta ta tsallake rafi. Mai unguwa, mutumin kirki ne, mai zafin nama, ba ya son a ce ya yi sanyi. Nan da nan ya ce a tarbe ta da wuta, watau a cinna wa ciyawar bakin gonaki don in babbar ta iso ta tarar an riga an cinye abincinta. Dabara ce sananniya, kakanninmu sun yi ta sun ci riba. Wani tsohon maharbi ya ce a dakata tukuna a duba iska, aka ce masa ba lokacin surutu ba ne. Aka cinna. Iska kuwa ashe ta juya. Wutar da suka kunna da hannunsu ta bi gefen gonaki ta faɗa wa rumbunan maƙwabtansu, ta cinye dawar shekara guda. Waccan ta ƙetare, da ta iso bakin rafi ta sami danshi, sai ta mutu don kanta.

Da aka zo gaban Alƙali, tambaya ɗaya ya riƙe. Ya ce, wa ya ga wuta ta tsallake rafi da idonsa? Na farko ya ce daga wane ya ji. Aka kira wane, ya ce shi ma a bakin wani ya ji. Haka muka yi ta bi, ina rubutawa, har muka dangana ga wata tsohuwa. Ta ce ita ba ta ce ta tsallake ba, cewa ta yi, Allah ya sa kada ta tsallake. Jama'a, addu'ar tsohuwa ce ta bi bakin mutum 4 ta zama labari, labari ya zama umurni, umurni ya zama toka. Akwai kuwa wani tsauni a bayan ƙauyen wanda hawansa bai fi minti 5 ba ga yaro, daga kansa ana ganin rafin sarai. Ba wanda aka aika.

Tun ran nan na ke cewa a raina, shugaban kashe wuta alƙali ne, sai dai shi ba a ba shi ikon ɗaga shari'a ba. Alƙali in magana ta rikice masa sai ya ce a komo ran Litinin, ya je ya buɗe Tuhfa, ya tambayi muhuti. Wuta ba ta jiran Litinin. Duk da haka abin da a ke bukata ga su biyun ɗaya ne, watau mutum ya iya rarrabe abu 3 da su ke shigowa kansa a cakuɗe: abin da ya gani, da abin da aka gaya masa, da abin da ya ke zato. A kotu kullum muna fama da wannan. Mai shaida zai ce, na ga wane ya saci akuya. In an matsa masa sai ya ce, to, na dai gan shi da igiya. Igiyar ita ce gani, satar kuwa zato ce. Shugaban da ya saba tambayar kansa da mutanensa, wa ya gani, daga ina ya gani, yaushe ya gani, ya riga ya yi rabin aikin. Tambayar yaushe ɗin nan kada a raina ta. Labarin wuta yana tsufa da sauri fiye da na kome. Abin da ya ke gaskiya ne da la'asar sakaliya, kafin a idar da salla ya zama ƙarya, ba don wani ya yi ƙarya ba, sai don iska ta sake.

Na san za a ce mini, Malam, kana zaune a inuwa kana tsara magana, wanda hayaƙi ya cika wa ido ina ya ga sukunin wannan bincike? Gaskiya ne, ba shi da shi. Don haka ne ba a fafe gora ranar tafiya. Tunanin da za a yi a gaban wuta, a gida a ke koyonsa tun ba ta tashi ba, har ya zama jiki.

Farkon abin da za a koya shi ne dalilin kowace ƙa'ida. Mutum ya san cewa wuta tana rayuwa da abu 3, abin ci da iska da zafi, in an raba ta da ɗaya ta mutu. Ya san cewa tana gudu in tana hawa tudu, tana rarrafe in tana gangara, gama harshenta yana gasa ciyawar da ke samanta tun bai isa gare ta ba. Ya san cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke zuwa, amma a tsakanin duwatsu da kwari tana karkacewa yadda ta ga dama. Ya san cewa tsakar rana zuwa la'asar ne wuta ta fi hauka, da dare kuwa da asuba ta kan yi laushi. Wanda ya san dalili, in al'amari ya zo masa ta fuskar da bai taɓa gani ba, ya iya ƙago wa kansa mafita. Wanda ya haddace umurni kawai, ranar da umurni bai dace ba shi zai fara kai mutane ga halaka, yana kuwa ganin daidai ya ke yi.

Ku ɗauki maganar toyi. Mutane da yawa sun ɗauka kowace ƙunar daji ɓarna ce, waɗansu kuma sun ɗauka duk ɗaya ce ko yaushe aka yi ta. Ma'aikatan daji ba su tsaya ga musu ba, gwadawa suka yi. A 1929, a gandun Olokemeji can ƙasar Yarbawa, aka yanki fili 3. Ɗaya aka hana wuta taɓa shi sam, ɗaya a ke ƙona shi da farkon rani, ɗaya kuwa sai ƙarshen rani. Aka yi ta yin haka shekara da shekaru, sa'an nan a 1957 aka ƙidaya itatuwa. Wanda aka tsare ya zama kurmi. Wanda a ke ƙonawa a makare ya fi duka tsiraita. Na farkon rani ya tsaya a tsakani, da itatuwansa. Dalili kuwa a fili ya ke: ciyawar da ba ta gama bushewa ba wutarta mai sanyi ce, ta kan lashi ƙasa ta wuce, ta bar doka da maje da kaɗanya da ɗorawa a tsaye. Ta watan Maris kuwa har ƙananan itatuwa ta ke kashewa. Amma ko wannan ma kada mai hankali ya haɗiye shi ɗungum. Ƙasarsu ta fi tamu ruwa. A dajinmu, in ka hana wuta shekara 2 ko 3 ba ka da masu gadin da za su tsare maka, tara mata abinci ka ke yi, ranar da ta shiga kuwa ba mai tsayawa gabanta. A ɗauki darasin, a auna shi da ƙasarmu.

Yanzu ina so in kai ku nesa, zuwa Amurka, gama akwai wani labari a can wanda ya fi kowane nuna abin da na ke nufi. Ran 5 ga Agusta 1949, wuta ta tashi a wani kwari da a ke kira Mann Gulch cikin jihar Montana. Aka sauke mutum 15 daga jirgin sama da laima, suka tarar da wani mai gadin daji a ƙasa, suka zama 16. Shugabansu sunansa Wagner Dodge. Suna gangarawa wajen kogi, sai wuta ta tsallako kwarin ta tare musu gaba. Suka juya suka kama hawan tudu, ciyawa busasshiya, wuta tana bin su, ta kuwa fi su sauri. Dodge ya ce a yar da kayan aiki. Da ya duba ya ga ba za su kai kan tudu ba, sai ya tsaya, ya ƙyasta ashana, ya cinna wa ciyawar da ke gabansa. Ta ci ta buɗe fili, ya shiga cikin tokar, ya yi ta kiran mutanensa su zo su kwanta tare da shi. Ba wanda ya zo. Suka ga kamar shugabansu ya zautu, ana gudun wuta shi yana kunna wata. Ya kwanta rubda ciki, babbar wuta ta zo ta kewaye shi ta wuce, ya tashi da ransa. Mutum 2 suka tsira ta wata tsagar dutse. Sauran 13 suka mutu.

Ku dubi wannan da kyau. Ashana ɗaya ce, irin wadda mai unguwarmu ya ƙyasta. Shi Dodge ya ga wutar da idonsa, ya auna tazara, ya san inda iska ta nufa, sa'an nan ya kunna. Namu ya kunna a kan ji. Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma ragowarsa ce ta fi damuna. Tunanin Dodge daidai ne, duk da haka kansa kaɗai ya ceta. Yawancin samarin nan ba su saba aiki da shi ba, ba a taɓa nuna musu wannan dabara ba, a wannan sa'a kuwa babu sarari na bayani. Ashe hankalin shugaba, kome kyaunsa, in yana cikin kansa shi kaɗai, ba ya isa. Sai mabiyansa sun san yadda ya ke tunani tun da wuri, har in ya yi abin da ya yi kama da wauta su ce, wannan ba ya yin abu banza, mu bi shi. Hukumar dajin Amurka ta tattara darussan wannan wuta da waɗansu irinta, a 1957 ta fitar da ƙa'idodi 10 da a ke koya wa masu kashe wutar daji. Cikinsu akwai ajiye mai tsinkaye a wuri mai tsawo, da sanin hanyar tsira kafin a fara aiki. Da mai unguwarmu ya san ta farkon, da dawar maƙwabtansa tana nan.

Akwai kuma wata cuta da ke kashe tunanin shugaba, wadda mu ma'aikatan kotu muna da hannu a cikinta, watau tsoron ƙara. A 1666 gobara ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan. Masu gani suka ce a rushe gidajen da ke kusa don a yanke mata hanya. Magajin Garin ya yi ta jan ƙafa, gama masu gidajen ba su nan, ba ya son a ce shi ya ba da izini. Wuta ta yi kwana 4 tana ci, ta cinye gida wajen 13,200, daga baya kuma sai da aka rushe gidajen da albarushi. Irin wannan yana faruwa a ƙauyukanmu. Wuta tana bin danni daga gida zuwa gida, kowa ya san in an ƙwace jinkar ɗaki 2 an kwantar da darni za ta tsaya, amma ba mai cewa a yi, don kada gobe a kai shi gaban Alƙali. Wannan magana ba a gaban wuta za a yanke ta ba. A yanke ta yanzu, a zauren dagaci, a gaban jama'a: wane ne ke da ikon cewa a rushe, wa zai tsaya madadinsa in ba ya nan, yaya kuma gari zai taimaki wanda aka rushe wa ɗaki don ceton sauran. In an rubuta wannan an sa hannu, an sauke wa shugaba rabin kayan da ke kansa.

Ba kuwa wutar ciyawa kaɗai ke gabanmu yanzu ba. Dattawanmu sun san ruwa da ƙasa da ɗanyen ganye, sun ishe su. Yau akwai fetur a jarka cikin ɗakin kwana, akwai tukunyar gas, akwai wayar lantarki. Ruwan da ke kashe wutar jinka, in an watsa shi ga fetur ko man suya, ɗaukar wutar ya ke yi ya yaɗa ta, in kuwa lantarki ne ba a yanke ba sai ya kama mai watsawa. Ga manyan motocin mai suna ratsa garin nan dare da rana. A watan Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya cikin jihar Jigawa, mutane suka taru ɗiban mai, ta kama, fiye da 150 suka rasu. A watan Janairu 2025 aka sake irinta a mararrabar Dikko cikin jihar Neja. A irin wannan wuri aikin shugaba na farko shi ne korar jama'a nesa, ko da za su zage shi, tun ba a ga harshen wuta ba. Motar kwana-kwana kuwa, in daga Kaduna za ta taso, kowa a nan ya san tsawon hanyar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce shafa wa naka ruwa.

To, yaya za a koyar? Ga abin da na ke gani, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Da kaka, bayan an gama yankan dawa, kowane dagaci ya tara masu unguwanninsa da samarin da za su ja gaba, da ma'aikacin gandu in ya samu, da wakilin Fulani makiyaya, da tsofaffin mafarauta. A zana ƙasarsu a ƙasa da tsinke, ga rafi, ga tsauni, ga rumbuna, ga ruga. Sa'an nan wani ya ce, wuta ta taso daga nan da azahar, iska tana nufin can, me za ku yi? In sun amsa, sai ya juya musu iskar, ko ya ce rabin mazan suna kasuwa, ko ya ce akwai yara masu kiwo a fadama. Ina roƙo a bar ƙarami ya fara magana kafin babba. Ba rashin ladabi na ke koyarwa ba, Allah ya kiyaye. Sai dai na lura, ko a kotu, in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, sauran sai su ce haka ne, ko da cikinsu yana cewa ba haka ba ne. Tsohon maharbin nan da aka ce wa ya yi shiru, shi kaɗai ne a taron ya dubi ganyen bishiya ya ga inda iska ta nufa. Shugaba ya saba wa kunnensa jin a'a a ranar zaman lafiya, don ya iya jin ta a ranar tashin hankali.

Bayan kowace wuta kuma, ƙarama ko babba, a zauna cikin kwana 3 tun ba a manta ba. A tambaya me aka gani, me aka zata, me aka yi, me ya biyo baya. Wannan zama dabam ya ke da shari'a, kada a gama su. In mutum ya san abin da ya faɗa za a kama shi da shi, ba zai faɗi gaskiya ba, mu kuwa da ke rubuta shaida mun san haka fiye da kowa. Neman mai laifi aikinmu ne, a bar mana. Zaman ƙauye na neman darasi ne. Har wutar da aka kashe lafiya a bincike ta, gama sau da yawa sa'a ce ta kashe ta, mutane kuwa su ɗauka gwanintarsu ce, su sake yin haka baɗi.

Abin da aka samu a rubuta. Ma'aikatan En'e da mu ke tunawa yau mutanen littafi ne, kome ƙanƙantar abu sai sun shigar, da kwanan wata da sa hannu. Ranka ya daɗe, roƙona ga Sarki da majalisa shi ne a ba kowace gunduma littafi guda na wuta, daga Kuyello zuwa Randagi, daga Dogon Dawa zuwa Kakangi. A riƙa shigar da rana da sa'a, da inda ta taso, da inda iska ta nufa, da wanda ya fara gani, da abin da aka yi. In an yi shekara 5 ana haka, kowane hakimi zai san kwarin da wuta ta saba biyowa da watan da ta fi zuwa, sabon mai unguwa kuwa zai gaji abin da ya fi rawani. Ni na ɗauki alkawarin ja wa littattafan layi da rubuta kan kowane shafi, in an yarda, kafin ciyawa ta bushe bana.

Iyakar abin da na zo da shi ke nan. Allah ya jiƙan dattawanmu da suka riga mu, ya ba waɗanda su ke raye lafiya. Allah ya ja zamanin Sarki.